Tukunyar Yakuwar Ko Wunna

Ranar Lahadi da hantsi tukunyar yakuwar Ko Wunna ta faɗo daga benenmu, hawa na goma sha ɗaya, ta daki rufin rumfar kekuna ta tarwatse. Wani ɓallin kasko ya tsaga goshin wata tsohuwa da ke dawowa daga kasuwa da kifinta a leda. Ba ta mutu ba, ɗinki aka yi mata, amma a Singafo abin da ya faɗo daga saman bene ba a kiransa tsautsayi. Kafin ruwan da ake yi ya ɗauke 'yan sanda sun hau, sun ɗauki hoton katangar baranda, sun tambayi mai tukunya. Babu wanda bai san mai ita ba. A duk hawan namu mutum ɗaya ne ke shuka yakuwa a ƙofar gida kamar yana bayan ɗakin uwarsa a garinsu Pathein.

Mu shida ne a gidan, duk 'yan ƙasar Bama, inda ake sa Ko a gaban sunan namiji, Ma a na mace, U a na dattijo. Ko Wunna injiniyan lantarki ne, shi da matarsa Ma Nila da 'yarsu Yamin suke babban ɗaki. Ni Ma Ohn, nas ce a gidan kula da tsofaffi, ɗakina na jikin kicin. Ɗaki na uku na maza biyu ne: Ko Nanda, mai duba walda a ma'aikatar jiragen ruwa, da U Hla Baw, dattijonmu, wanda ke kula da bishiyoyin bakin titi.

A lokacin Ko Wunna ya nemi izinin zaman dindindin, shuɗin katin nan da kowannenmu ke mafarki. Ofishin shige da fice ya nemi ya ƙara wasu takardu, kuma a wurinmu wannan alama ce ta an kusa. Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a wuya. Mutumin da ya zo jiya-jiya! Ni sau biyu ana mayar da ni, Ko Nanda kuwa tun ba a haifi Yamin ba yake nan, ya nema har ya gaji da faɗin sau nawa. Shi kuwa Ko Wunna ba ya ba da jini sai ya ɗauki hoto, ba ya share filin unguwa sai da rigar 'yan sa-kai. Na tsani yadda yake murmushi in an tambaye shi labari ya ce, "Ana dai jira."

Amma shi ba don ado yake neman katin ba. Yamin za ta shiga firamare baɗi, kuma ɗan baƙo sai abin da ya rage na gurbi yake samu, in ya rage. In babu kati babu makaranta, in babu makaranta sai a mayar da ita wurin kakarta. Yanzu ga 'yan sanda sun ce a ganinsu shi ya ɗora tukunyar kan katanga don ta sha ruwan sama, ta zame. In aka rubuta sunansa da wannan laifi, ba kati kaɗai ba, har izinin aikinsa yana iya tafiya.

Ya rantse bai taɓa ɗora ta ba. Suka ce za su neme shi.

*

Labari ya riga mu isa shagunan 'yan Bama na cikin gari. Kowa ya ce kaico, kowa kuma yana faɗi da wani irin annuri a fuska. Wasu suka ce garin neman suna ne, wasu suka ce ai maƙwabciya ce ta yi masa. Ban ji mutum ɗaya da ya tambayi lafiyar tsohuwar ba.

U Hla Baw yana ƙasa lokacin da abin ya faru, ya sauka shan shayi, shi ne ma ya danne goshin tsohuwar da hankicinsa har motar asibiti ta zo. Da ya hau bai shiga gida ba. Na leƙo na same shi a tsugune a baranda, ya karkata kai yana kallon siminti ta gefe, kamar mai neman allura.

A sansanin giwaye masu jan katako ya tashi, can gida. Can da yamma ake sakin giwa ta shiga daji ta ci, da safe kowa ya bi sawun tasa ya dawo da ita, kuma wanda bai iya karanta ƙasa ba sai ya yini yana bin giwar wani. Daga baya ya yi karatun gandun daji, amma idon nan bai bar shi ba. In ka shigo gida zai gaya maka ta wace hanya ka biyo. Abin haushi ne zama da irinsa.

"Kada ki taka nan," ya ce da ni. "Ki gaya wa Ma Nila kada ta wanke wurin, kada kuma ta taɓa komai."

Ya nuna mini da'irar laka a gefen ƙofarmu, inda tukunyar take zaune tun da aka saye ta. Sannan ya nuna ɗige-ɗigen ruwan ƙasa, wanda ya zubo ta hujin gindinta. Ɗigon ya bi jikin bango, ya yi nisa, ya karya kwana, ya ƙare a katanga daidai ƙofar Madam Quek, maƙwabciyarmu. Can ma akwai laka a kan katangar.

"Ka gani ko, Kawu," na ce. "Ita ce."

Ya ce mu je mu gaishe ta.

*

Madam Quek ba ta son mu, mu ma ba mu mutu a kanta ba. Ta sha kai ƙararmu kan warin kifin da muke dakawa, da tukwanen da ta ce suna tara sauro. Ta karɓe mu ta bayan ƙofar ƙarfe, ta ce ita tana kallon talabijin, ba ta ga kowa ba, kuma da ma ta san wata rana sai an yi haka. Ta ƙara da cewa in ana ba irinmu kati to ƙasa ta lalace. Na buɗe baki zan ba ta amsar da ta dace da ita, U Hla Baw ya taka mini ƙafa.

Maimakon faɗa sai ya tambaye ta lafiyar kafaɗarta. Nan take matar ta sauko. Ta ba shi labarin aikin da aka yi mata, ta nuna masa iyakar inda hannun ke ɗaguwa, bai kai ƙirjinta ba. Ko butar shayi da hannu biyu take ɗauka.

Da muka fito ya ce tukunyar da jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kai nauyin Yamin, kuma ɗaukarta aka yi cak, ba ja ba, don babu alamar ja. Sai na ji babu daɗi. Na so a ce ita ce, da komai ya zo da sauƙi.

"To ke fa?" ya ce. "Ina kike?"

Na ce barci nake, na dawo daga aiki. Ya ce haka ne, amma ni nake ɗaga tsofaffi daga gado kullum, tukunya ba za ta gagare ni ba. Kuma duk gidan sun ji ni ranar da labarin ƙarin takardun ya zo, ina cewa wasu dai da goshi aka haife su, ko yakuwa suka shuka sai ta zama hujjar son ƙasa.

"Kawu, ni kake zargi?"

"Tambaya nake yi. Bakinki ne ya sa ki a layi."

Na shiga ɗaki na buga ƙofa. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga ranar Ma Nila ta daina aiko mini da miyar kifi in ta dafa. Yamin ma aka hana ta shigowa ɗakina.

*

U Hla Baw ya zauna da sauran ɗaya bayan ɗaya, ni kuma bangon ɗakina ba shi da kauri. Ma Nila ta ce tana kicin, ga ƙarar mai a kasko, ba ta ji komai ba. Ko Wunna ya ce ya ba yakuwa ruwa, sannan da ya ga hadari ya ɗaura igiya a baranda ya shanya zannuwan matarsa, tunda sandunan shanya na waje za su jiƙe. Daga nan ya shiga yi wa Yamin wanka. U Hla Baw ya tambaye shi daga ina zuwa ina ya ɗaura igiyar, ya sa shi ya fito ya nuna masa ƙusa da bututun da ya yi amfani da su.

Ko Nanda ya ce yana ɗaki yana jan carbinsa, kamar kowace Lahadi. Ya ce abin ya ba shi tausayi ƙwarai, yaro mai ƙoƙari, ga shi an kusa. Ya ba da shawara a kai sadaka haikali. Shi ne ma ya raka Ko Wunna ofishin 'yan sanda da aka sake kiransa, ya riƙe masa lema.

Can aka gaya musu na'urar ɗaukar hoto ta lif, injin hawa bene, da ta ƙasan matakala ba su nuna wani baƙo ya hau ba. Ko Wunna ya dawo ya zauna a ƙasa bai cire safa ba. Na ji shi yana ce wa matarsa ta fara tambayar kuɗin jirgi, don in abin ya ɓaci gara yarinyar ta tafi kafin ta ga ana kai ubanta kotu. Yamin tana gefe tana gwada jakar makarantar da aka saya mata tun ba a kai ko'ina ba.

A gaskiya ranar hassadata ta ɗan yi sanyi. Ba ta tafi ba, ta dai koma gefe ta zauna.

*

Lahadin da ta biyo baya, bayan cin abincin rana, U Hla Baw ya tara mu a baranda, har da Madam Quek, wadda ta fito da kujerarta don kada a yi ba ita. Ya sa Ko Wunna ya ɗaura igiyar yadda ya ɗaura ta ranar, ya shanya zannuwan Ma Nila. Igiyar ta bi tsawon baranda, ta raba tsakanin ƙofarmu da katanga. Sannan ya cika bokiti da ruwa ya ajiye a kan da'irar lakar. Ya ce yana so ya gwada wa 'yan sanda ko mutum ɗaya zai iya wannan nauyi, don haka kowa ya ɗauka ya kai bakin katanga ya dawo da shi.

Ni ya fara kira, don ya ƙara ɓata mini rai. Na ɗauka, na sunkuya ta ƙarƙashin zannuwan, taku biyu na isa. Ma Nila ma haka. Madam Quek ta ce ko an biya ta ba za ta taɓa ba. Ko Wunna ya ɗauka ya kutsa, jiƙaƙƙen zane ya shafi kansa, ko a jikinsa.

Ko Nanda ya tattare zanensa na maza, ya ɗaga bokitin. Bai ko dubi igiyar ba. Ya bi jikin bango, ya je har inda ta ƙare, ya karya kwana, ya dire bokitin a bakin katanga daidai ƙofar Madam Quek. Ya juyo yana goge hannu, sai ya ga duk ƙasa muke kallo. Ruwan da ya fantsalo daga bokitin ya sauka kan busassun ɗigon lakar, ɗaya bayan ɗaya.

Sai a lokacin na gane, na ji kunyar rashin ganewa tun farko. Namijin Bama da ya riƙe al'ada ba ya bi ta ƙarƙashin zanen mace. Tun yana yaro ake gaya masa in ya yi haka kwarjininsa da sa'arsa za su zube, kuma ƙafarsa tana kauce wa igiyar shanya tun kafin kansa ya yi tunani.

U Hla Baw ya yi magana a hankali. Ya ce mai ɗauke da kaya mai nauyi, yana sauri, yana tsoron a gan shi, gajeriyar hanya yake bi. Wannan kuwa ya bar taku biyu ya zagaya, har ya wuce ta gaban tagar maƙwabciya. Mace ba za ta zagaya ba. Ko Wunna kuwa shi ke wanke zannuwan da hannunsa.

"Kowane namijin kirki zai zagaya, Kawu," in ji Ko Nanda.

"Gaskiyarka. Mu biyu ne masu zagayawa a gidan nan, ni da kai. Ni ina ƙasa, jinin tsohuwar yana hannuna."

Madam Quek ta tambayi me ake cewa. Babu wanda ya fassara mata.

Ko Nanda ya zauna a kan wani fankon bokiti da ke wurin. Da ya fara magana ba U Hla Baw yake kallo ba, Ko Wunna yake kallo. Ya ce ya leƙa ƙasa kafin ya saki, babu kowa, ruwa ake yi. Ba jini ya nufa ba. So yake kawai a rubuta sunan Ko Wunna sau ɗaya a wani wuri, a jinkirta abin, ya ɗanɗana jira kamar kowa.

"Ƙuruciyata a cikin jiragensu ta ƙare," ya ce. "Ban taɓa tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba. Ina kiyaye kaina, ina kiyaye komai. Kai kuwa ka zo, kana wanke zanen mace, kana yawo a ƙarƙashinsa, kuma kai za a ba? Kullum in na fito sai na ga yakuwar nan tana ta tofo."

Na tsani abin da ya yi, amma babu kalma ɗaya a maganarsa da ban taɓa faɗa a zuciyata ba. Wannan ne ya sa na kasa kallonsa.

Duk mun san abin da ke jiran Ko Nanda: kurkuku, sannan jirgi, kuma ba zai sake shigowa ba. Can Ko Wunna ya ce ko za a ce iska ce, a rufa wa juna asiri, tunda tsohuwar tana samun sauƙi.

Ma Nila ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Iska ba ta ɗaga tukunya daga ƙasa. In ba sunansa aka rubuta ba, naka za a rubuta. Ka zaɓa, ko shi ko 'yarka."

Bai zaɓa ba, sunkuyar da kai ya yi. U Hla Baw ya shiga ɗaki ya fito da rigar Ko Nanda mai dogon hannu, ya ce ya saka, zai raka shi, gara ya kai kansa da a zo a ɗauke shi. Suka tafi tare. A kan hanyarsu ta zuwa lif dukansu biyu suka zagaya igiyar.

*

An wanke Ko Wunna tas. Miyar kifi ta ci gaba da zuwa ɗakina, Ma Nila ma har da ba ni haƙuri. Wani ɗan ƙasarmu daga Mandalay ya karɓi gadon kwanan Ko Nanda. Muka koma jira.

Bayan wasu watanni amsar Ko Wunna ta zo: ba a amince ba. Ba sa faɗin dalili, ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Ko tukunyar ce, ko da ma can ba za a ba shi ba kuma mu ne muka yi ta ƙona kanmu a banza, babu mai iya sani. Gurbin makaranta ma bai samu ba. Aka sa ranar tafiyar Yamin.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma na sake nema, a ɓoye, don kada a yi mini dariya karo na uku. Tawa amsar ta zo a satin da ake haɗa kayan yarinyar. An ba ni. Na karanta a wayata a ɗakin canza kaya na wurin aiki, na zauna na rasa wanda zan kira. Ni da ba ni da ɗa, ba ni da wanda ke jiran makaranta.

Na yi kwanaki ina shiga ina fita kamar ɓarauniya. Wata safiya U Hla Baw ya same ni a kicin, ya zuba shayinsa, ya ce kwana biyu bai ji na yi wa kowa habaici ba, ko sabon ɗan hayar da ke barin kwano a wurin wanki. Na ce gajiya ce.

"Ki gaya musu da bakinki," ya ce. "A shagunan cikin gari za su ji, kuma can ba a iya faɗa ba."

Na sami Ma Nila a ɗakinsu tana naɗe kayan Yamin cikin akwati. Ta cire jakar makarantar ta ajiye gefe, ta sake mayar da ita. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata a gajarce.

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago, ta yi murmushi har haƙoranta suka fito.

"Kai, Yaya, na taya ki murna," ta ce. "Wasu dai da goshi aka haife su."

Ta ci gaba da naɗe kayan. Na tambaye ta ko in taya ta, ta ce a'a, ta kusa gamawa, in ja mata ƙofar in zan fita.